Ƙwai Mai Laushin Ɓawo: Matsalar Kajin Gida a Amarawa

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. To, amma a wajen matan karkara da ke kiwon kaji, ƙwan da ya yi ƙwari har kaza ta kwanta a kansa ya fi na baka, domin shi ne jari. A Amarawa ta ƙasar Illela, dab da kan iyakar Nijeriya da Nijar, kaza ita ce asusun mace. In larura ta taso sai a kai ta kasuwar Illela ran Lahadi. Kazar Hausa kuwa ƙwai 30 zuwa 60 kacal take yi a shekara, saboda haka duk wanda ya fito da laushi asara ce. Manufar wannan lacca ita ce bayyana abin da ke jawo wannan matsala, da yadda za a rarrabe rashin abinci da cuta.

Da farko dai, ƙwai yakan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya, galibi da dare. Kashi 95 cikin ɗari na ɓawon nan wani sinadari ne da ya ƙunshi kalsiyam, watau irin abin da ke cikin ƙashi da kuma allin da masu kaɗi ke shafawa a yatsa. Masana sun ƙiyasta cewa kazar da ke ƙwai tana bukatar kalsiyam ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na abincinta. Gero da dawa kuwa, waɗanda su ake watsa wa kaji a tsakar gida, ba su kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba. Idan kaza ba ta cike giɓin nan a wajen tono ba, sai jikinta ya ranto daga ƙasusuwanta. In rancen ya yi yawa, sai ɓawo ya yi laushi, ƙafafu su yi rauni, wani lokaci ma ƙwan ya maƙale ta kasa haifarsa.

Dalili na biyu shi ne zafi. A ƙasar Sakkwato zafin bazara yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Kaza ba ta gumi, sai dai ta buɗe baki ta yi ta haki. Hakin nan yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, alhali kuwa da ita ake haɗa kalsiyam a gina ɓawo. Bugu da ƙari, zafi yana rage mata cin abinci. Kazar da aka kulle a ɗaki mai duhu kuma, don tsoron shirwa ko ɓarayi, takan rasa bitamin D da hasken rana ke samarwa, wanda sai da shi hanji ke tsotse kalsiyam.

Dalili na uku shi ne cuta. Cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a tsibirin Jaba a 1926, ta fi yin ɓarna da hunturu. Akwai kuma wata da aka gano a Holan a 1976, wadda agwagi kan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama ba, ga shi kuwa a gidaje da yawa kasko ɗaya suke sha da kaji. Garin da ke kan hanyar fatake, tsakanin Sakkwato da Birnin Ƙonni, ya fi fuskantar wannan haɗari, domin kaji daga ko'ina suna cuɗanya a kasuwa.

Yaya ke nan za a rarrabe? Idan budurwar kaza ce da ta fara ƙwai, ko tsohuwa, ta yi mai laushi jefi-jefi, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Idan abin ya yawaita da bazara, kajin kuma suna kiwo lafiya lau, to abinci ne da zafi. Amma idan kaji da yawa suka daina ƙwai a lokaci guda, ga zawo kore, ga murɗewar wuya, to cuta ce, sai a nemi malamin dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Bom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin Niyukasil mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido.

Maganin rashin kalsiyam kuwa yana kusa. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, sinadarinsa ɗaya ne da na ɓawon ƙwai, kuma masu haɗa abincin kaji suna sayar da tsakin irinsa. Wadda ba ta da halin saye tana iya gasa ɓawon ƙwai ko ƙashi ko katantanwa, ta daka su tsaki-tsaki, ta ajiye a kasko dabam da yamma, don kaza ta kwana da su a ciki lokacin da ake gina ɓawo. Sa'an nan a ƙara da gara da ganyen zogale, a ajiye ruwa mai sanyi a inuwa, baƙuwar kaza kuma a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin 'yan gida.