Ina Lokacin Likita Yake Tafiya?

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2016, masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Dokta Christine Sinsky, sun bi likitoci 57 sau da ƙafa har tsawon sa'o'i 430. Abin da suka gano ya tayar da ƙura: kashi 27 cikin ɗari kacal na lokacin aiki likitocin suke ba majiyyata ido da ido, kusan rabi kuwa a gaban kwamfuta da aikin tebur yake ƙarewa.

Da agogon hannu da biro, wannan ƙidaya da ta yi wuya, domin aikin asibiti a gutsuttsure yake zuwa. Manhajar da suka yi amfani da ita ita ce WOMBAT, wadda Farfesa Johanna Westbrook da abokan aikinta suka ƙirƙiro a Ostireliya. Mai sa ido yakan tsaya gefe riƙe da kwamfutar hannu. Likita ya fara rubuta magani, sai ya danna. Nas ta leƙo da tambaya, ya sake dannawa, manhajar ta rubuta cewa an katse aikin da ƙarfe kaza. Tana kuma adana wane aiki ne, da wa ake yinsa, a ina, da wane kayan aiki. A Jami'ar Jihar Ohio ma an samar da makamanciyarta mai suna TimeCaT.

Ƙidaya katsewar nan tana da dalili. Binciken da Westbrook ta wallafa a 2010, kan nas-nas 98 a asibitoci biyu na Sydney, ya nuna duk sanda aka katse mai raba magani, haɗarin kuskure yana ƙaruwa da wajen kashi 12 cikin ɗari.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar mai sa ido: manhajar bayanan majiyyata tana rubuta duk abin da aka buɗe da lokacin da aka buɗe shi. Da irin wannan rajista aka gano a 2017 cewa likitocin iyali 142 a Wisconsin suna shafe kusan sa'o'i shida kullum a cikin manhajar, ciki har da minti 86 bayan tashi daga aiki.

Sai dai rajista ba ta ganin likitan da ya bar allo a buɗe ya tafi amsa waya, mutum kuma yakan gyara zama idan ya san ana kallonsa. Shi ya sa masu binciken Wisconsin suka tura masu sa ido su ma, suka gwada abin da aka gani da abin da kwamfuta ta rubuta.