Zaɓen Ram Mai Rahusa Ga Mai Harhaɗa Kwamfutar Tebur

Daga cikin sassan da akan sayo ɗaiɗai domin harhaɗa kwamfutar tebur, akwai ɗaya da ke yawan rikita mai saye, watau ma'adanar wucin gadi, wadda masu sana'ar ke kira ram. Wannan maƙala za ta duba yadda mai ƙaramin ƙarfi, kamar ɗalibin da ya yi tanadi don ya mallaki na'urar rubuta kundinsa, zai zaɓe shi ba tare da kuɗinsa sun salwanta ba.

Ana iya kwatanta ram da shimfiɗar ɗan koli, faifan ajiya kuwa shi ne sitonsa. Idan shimfiɗar ta yi kaɗan, tilas ya riƙa zarya zuwa sito, ciniki ya yi ta tsayawa. Sai dai ram ba ya riƙe kome sai da wuta; da an ɗauke ta, duk abin da ba a adana a faifai ba ya tafi.

Abin da ya wajaba a fara tantancewa shi ne dacewar ram da babban allon na'urar, domin ba mai saye ke da zaɓi a nan ba, allon ne. Iri biyu ne aka fi samu, DDR4 wanda ya shigo kasuwa a 2014, da DDR5 wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2020. Kowannensu haƙora 288 gare shi, amma akwai wani ɗan giɓi a tsakanin haƙoran, kamar wushirya, wanda ba wuri ɗaya yake ba, don haka wannan ba ya shiga gurbin wancan. Allon kamfanin AMD mai mazaunin AM4 DDR4 kaɗai yake karɓa, mai AM5 kuwa, wanda ya fito a 2022, sai DDR5. Har wa yau, ram ɗin kwamfutar tafi-da-gidanka gajere ne, ba ya zama a ta tebur. Wani tarkon kuma shi ne ram na hannu da aka ciro daga manyan na'urorin kamfanoni, mai alamar RDIMM. Yakan zo da araha mai jan rai, yakan kuma shiga gurbin daram, amma a allon gida na'ura ba za ta ko tashi ba.

Bayan dacewa sai yawa. Windows 11 na neman aƙalla giga 4, to amma wannan na tayar da na'ura ne kurum. Giga 8 za su yi aikin rubutu da ƙyar idan an buɗe shafukan intanet da yawa, 16 kuwa sun wadaci ɗalibi. A nan akwai dabarar da kusan ba ta cin ƙarin kuɗi: a sayi sanda biyu masu giga 8 maimakon ɗaya mai 16. Dalili kuwa shi ne allon na da hanyoyi biyu na kai saƙo, sanda ɗaya kuma hanya ɗaya take amfani da ita. A allo mai gurbi huɗu, galibi na biyu da na huɗu ake sakawa, amma littafin allon shi ne alƙali.

Sauri shi ne ya kamata ya zo ƙarshe, ko da yake shi 'yan talla ke rubutawa da manyan baƙaƙe. Lambobi biyu ake dubawa tare: ta gudu, alal misali 3200, da ta jinkiri, mai alamar CL. Idan aka ninka lambar CL sau 2000, aka raba da lambar gudu, za a sami jinkirin da ma'aunin nanosakan, watau kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. DDR4-3200 mai CL16 zai ba da 10, DDR5-6000 mai CL30 ma 10 ɗin zai bayar, alhali kuwa DDR4-3200 mai CL22 ya kusa 14. Ke nan sanduna biyu na iya ɗaukar lambar gudu guda, ɗaya ta fi ɗaya nawa. Bugu da ƙari, ram da yawa ba ya kai gudun da ke jikin kwalinsa sai an shiga saitin allo an kunna XMP, ko EXPO a allunan AM5. Wanda bai kunna ba ya biya kuɗin doki yana tafiya a kan jaki.

Game da suna da ado, ya kyautu a san cewa kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin da ke jikin sandunan, watau Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Fitilu masu launi da akan ƙawata wasu da su ba sa ƙara gudu ko kaɗan.

A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabi, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe kaso mai yawa na abin da ake ƙerawa. Irin wannan yanayi kan tura mutum ga na hannu, kuma ba laifi, domin ram ba shi da wani sashe mai motsi da zai goge. Sharaɗin dai shi ne a yi yarjejeniya da mai kaya a kan mayarwa, sa'an nan a gwada da manhajar MemTest86 na 'yan sa'o'i. Ko kuskure ɗaya ta nuna bayan an kashe XMP, sai a mayar masa da abinsa.