Doguwar Suma a Matsayin Sanadin Mutuwar Masu Ciwon Sukari a Ƙasar Dutse

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa doguwar sumar da kan kama mai ciwon sukari iri biyu ce, kuma rashin bambance su kan jawo asarar rai.

Iri na farko yakan auku ne idan sukari ya yi yawa a jini saboda ƙarancin insulin, galibi bayan zazzaɓin cizon sauro ko barin allura. Yakan zo sannu a hankali, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da amai. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, shi ya fi kashe yara masu wannan ciwo.

Iri na biyu kuwa faɗuwar sukari ce farat ɗaya, da gumi da rawar jiki, ga wanda ya sha magani bai ci abinci ba, musamman da azumi. In yana iya haɗiya, ruwan sukari kan farfaɗo da shi. In ya riga ya some, ɗura haɗari ce.

Saboda haka muna ba da shawarar a wadata ƙananan asibitocin Kiyawa da Jahun da na'urar awon sukari, domin a san irin sumar kafin a garzaya da majiyyaci Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse.