BABI NA UKU: ABUBUWAN DA KE SA ƘUNGIYAR KIƊAN ROK TA FI SHAHARA A DUNIYA, TARE DA MISALI DAGA ƘUNGIYAR BEATLES

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan asalin kiɗan rok da yadda ya tsiro daga kaɗe-kaɗen baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1950. A wannan babi kuwa za a duba wata tambaya da ta daɗe tana jawo gardama a tsakanin masu nazarin wannan kiɗa, wato me ke sa ƙungiya ɗaya ta yi wa sauran zarra har a ce ita ce ta fi shahara a duniya? Domin kada bayanin ya tsaya a iska, an ɗauki ƙungiyar Beatles ta birnin Libaful a Ingila a matsayin zakaran gwajin dafi, tare da waiwayar wasu ƙungiyoyi inda buƙatar hakan ta taso.

Abin da ake nufi da ƙungiyar rok a nan shi ne taron makaɗa kaɗan, galibi huɗu ko biyar, masu amfani da jitar lantarki da jitar bas da ganguna, waɗanda aka sani da suna guda. Wannan tsari ya sha bamban da na makaɗi da 'yan amshinsa, domin a ƙungiyar rok sunan taron ne ke gaba, ba na mutum ɗaya ba.

3.1 Ma'aunin Shahara

Kafin a ce wata ƙungiya ta fi shahara, wajibi ne a san mudun da aka auna da shi, domin kowane mudu da gwanin da yake fitarwa. Idan yawan sayar da kundi ɗaya a Amurka ake nufi, to ƙungiyar Eagles na da hujja, domin a shekarar 1976 ta fitar da kundin zaɓaɓɓun waƙoƙinta wanda hukumar masu kamfanonin faifai ta Amurka ta tabbatar a 2018 cewa ya kai kwafi miliyan 38. Idan daɗewa a jadawali ne, kundin Pink Floyd na 1973 mai suna The Dark Side of the Moon ya yi mako 741 a jadawalin mujallar Billboard tsakanin 1973 da 1988. Idan kuwa taron jama'a ne, Rolling Stones sun tara kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi a wasan kyauta da suka yi a gaɓar tekun Copacabana ta ƙasar Barazil a 2006, sa'annan rangadin U2 na 2009 zuwa 2011 ya jawo 'yan kallo fiye da miliyan 7.

Bugu da ƙari, su kansu alƙaluman ba abin da za a rungume ba ne ido rufe. Kafin 1991, lokacin da aka fara ƙidaya ta na'ura a wurin biyan kuɗi a kantunan Amurka, rahoton masu kantuna da na gidajen rediyo ake tattarawa a haɗa jadawali. Haka kuma takardar shaida da ake bai wa kundi ta daɗe tana ƙidaya abin da kamfani ya aika kantuna ne, ba abin da ya shiga hannun mai saye ba, kuma kundi mai faifai biyu akan lissafa shi sau biyu. Saboda haka adadin faifai miliyan 600 da ake yawan jingina wa Beatles ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Abin da ya sa wannan nazari ya fifita su shi ne, ko da wane mudu aka auna ana samun su a sahun gaba ko kusa da shi, alhali sauran kowace ta fi ƙarfi ne a fage ɗaya. Alal misali, waƙoƙinsu 20 ne suka hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin waƙoƙi na Billboard, abin da babu wata ƙungiya da ta kama ƙafarsa.

3.2 Horon Farko

Masu sha'awar ƙungiyar kan ce baiwa ce kawai. Baiwar akwai ta, amma tarihin shekarun farko ya nuna cewa an sha wuya kafin a sha daɗi. John Lennon da Paul McCartney sun haɗu a watan Yuli na 1957, George Harrison ya shigo a 1958, aka ɗauki sunan Beatles a 1960. Daga watan Agusta na wannan shekara zuwa ƙarshen 1962 sun yi zuwa biyar birnin Hambog na ƙasar Jamus, inda suke kiɗa a gidajen rawa na unguwar mashaya na tsawon sa'o'i da yawa kowane dare. Masu sauraronsu a can ma'aikatan jiragen ruwa ne da 'yan shaye-shaye, waɗanda ba su da haƙurin sauraren wanda bai iya ba. Tsawon lokacin ya tilasta musu haddace ɗimbin waƙoƙin Chuck Berry da Little Richard da Buddy Holly da na mawaƙan kamfanin Motown, har da tsofaffin waƙoƙin da iyayensu ke so. A gida kuma sun yi wasa kusan sau 300 a gidan rawa na Cavern tsakanin 1961 da 1963.

Amfanin wannan horo ya bayyana a fili ranar 11 ga Fabrairu, 1963, lokacin da suka ɗauki waƙoƙi 10 daga cikin 14 na kundinsu na farko a yini guda. Ƙungiyar da ba ta saba da juna ba ba za ta iya wannan ba. Wato ke nan, lokacin da duniya ta fara jin su a matsayin sababbi, sun riga sun tsufa a sana'ar.

3.3 Manaja da Mai Tsara Faifai

Duk da wannan ƙwarewa, kamfanin Decca ya saurare su ranar 1 ga Janairu, 1962, ya ƙi ɗaukarsu. Wannan ya isa hujja cewa iya kiɗa kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Mutum biyu ne suka buɗe ta. Na farko shi ne Brian Epstein, mai kula da kantin faifai na iyalinsu a Libaful, wanda ya zama manajansu bayan ya gan su a ƙarshen 1961. Shi ne ya raba su da rigunan fata ya sa musu kwat iri ɗaya, ya hana su cin abinci da shan taba a kan dandali, ya koya musu rusunawa tare bayan kowace waƙa. Wasu na ganin wannan a matsayin rage wa kiɗan rok kaifi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Sai dai a wancan zamani akwatin talabijin ɗaya ne a gida, kuma uba ne ke da iko da shi. Ƙungiyar da ba ta samu yardar iyaye ba, da wuya ta isa ga 'ya'yansu.

Na biyu shi ne George Martin na reshen Parlophone a kamfanin EMI, wanda ya ɗauke su a 1962. Martin ya yi karatun kiɗa a makaranta, su kuwa ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, don haka ya zama mai fassara abin da ke kansu zuwa abin da ƙwararrun makaɗa za su iya bugawa. Rashin gamsuwarsa da mai gangarsu Pete Best na cikin abin da ya kai ga maye gurbinsa da Ringo Starr a watan Agusta na 1962.

3.4 Dacewa da Lokaci

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi, alhali a ganin wannan nazari shi ne ya fi nauyi. Bayan yaƙin duniya na biyu an samu yawan haihuwa a Amurka da Turai, kuma waɗannan yara sun kai shekarun balaga daidai farkon shekarun 1960, da ɗan kuɗi a aljihu. Ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha, ta yadda yaro zai saurari abin da yake so a ɗakinsa. Ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska shi ma bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba. Har ila yau, Birtaniya ta daina kiran matasa aikin soja na dole a 1960, kuma dokar ba ta hau kan waɗanda aka haifa daga watan Oktoba na 1939 ba. Lennon da Starr a 1940 aka haife su. Da dokar ta ci gaba, da an raba ƙungiyar tun tana jaririya, kamar yadda aikin soja ya ɗauke Elvis Presley daga fage tsakanin 1958 da 1960.

Shigarsu Amurka ma ba ta zo da sauƙi ba. Kamfanin Capitol, duk da cewa mallakar EMI ne, ya ƙi fitar da faifansu na farko-farko, sai ƙananan kamfanoni suka ɗauka. Sai a ƙarshen Disamba na 1963 ya fitar da faifansu, wata ɗaya bayan kisan Shugaba Kennedy. Akwai masu cewa jimamin wannan kisa ne ya sa Amurkawa suka rungumi abin da zai faranta musu rai. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa irin wannan zumuɗi ya riga ya kama Birtaniya da Suwidin tun kafin kisan. Abin da ba a gardama a kansa shi ne tasirin talabijin. Ranar 9 ga Fabrairu, 1964, kimanin mutum miliyan 73 suka kalle su a shirin Ed Sullivan, a ƙasar da jama'arta ba ta kai miliyan 200 ba. Ranar 4 ga Afrilu na shekarar, waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jadawalin Billboard. Tashoshin talabijin manya uku ne kacal a Amurka a lokacin, don haka idon ƙasa gaba ɗaya na iya komawa wuri guda a dare ɗaya. Ƙungiyar da ta taso bayan yaɗuwar intanet ba ta da wannan dama, komai gwanintarta, domin masu sauraro sun warwatsu.

Harshe da hanyar rarraba kaya su ma sun taimaka. Da Ingilishi suke waƙa, harshen babbar kasuwar faifai ta duniya; sau ɗaya kawai, a 1964, aka lallashe su suka maimaita waƙoƙi biyu da Jamusanci, daga baya aka ga babu buƙata. EMI kuma na da rassa a ƙasashe da dama da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka. A Indiya har a tsohon faifan garmaho aka buga waƙoƙinsu saboda wuraren da babu lantarki, kuma a ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Legas ne McCartney ya yi yawancin aikin kundinsa Band on the Run a 1973, bayan watsewar ƙungiyar.

3.5 Ƙirƙira da Sauya Salo

Dacewa da lokaci na iya ɗaga ƙungiya, amma ba ya riƙe ta a sama. Ƙungiyoyin Birtaniya da yawa sun bi sawun Beatles zuwa Amurka a 1964 da 1965, suka yi tashe na shekara biyu ko uku, aka manta da su. Abin da ya bambanta Beatles shi ne suna tsara waƙoƙinsu da kansu, a zamanin da aka saba mawaƙi ya karɓi waƙa daga hannun marubutan kamfani. Kundinsu na uku, A Hard Day's Night na 1964, duk waƙoƙinsa 13 na Lennon da McCartney ne. Gasar da ke tsakanin mutanen biyu, ɗaya mai kaifin harshe ɗaya mai taushin karin murya, ta hana kowannensu yin sake, ga kuma Harrison na tasowa a matsayin na uku.

Daɗin daɗawa, ba su tsaya a salon da ya kawo musu kuɗi ba. A 1965 Harrison ya shigo da molon Indiya da ake kira sitar, daga baya ya yi karatu a wurin Ravi Shankar. A ranar 15 ga Agusta, 1965, sun yi wasa a gaban mutum 55,600 a filin Shea na birnin Niyok, inda ihun 'yan kallo ya danne amsa-kuwwar har su kansu ba sa jin abin da suke bugawa. Shekara ɗaya bayan haka, bayan tashin hankalin da suka gamu da shi a Manila da kuma fushin da wata magana ta Lennon a kan addini ta jawo a kudancin Amurka, suka yi wasansu na ƙarshe na rangadi ranar 29 ga Agusta, 1966, suka koma ɗakin ɗaukar sauti kacokan. A bisa al'adar sana'ar wannan tamkar kashe kai ne. Amma daga nan ne kundin Sgt. Pepper na 1967 ya fito, wanda ya sa manyan jaridu suka fara ɗaukar kiɗan rok a matsayin fasaha abar nazari. Masu sauraronsu sun girma, su ma suka girma tare da su. A watan Yuni na shekarar kuma su ne suka wakilci Birtaniya a shirin talabijin na Our World, wanda aka watsa kai tsaye ta tauraron ɗan Adam zuwa nahiyoyi da dama.

3.6 Shahara Bayan Watsewa

Ƙungiyar ta watse a 1970, shekara takwas kacal bayan faifanta na farko. An harbe Lennon a Niyok ranar 8 ga Disamba, 1980, Harrison kuma ya rasu a 2001. Gajartar zamaninsu ta zame musu alheri ta wata fuska, domin ba a gan su suna maimaita kansu a tsufa ba. Amma ba wannan kaɗai ya raya sunan ba, akwai dabarar masu kula da dukiyar ƙungiyar, waɗanda ke sake fitar da waƙoƙin duk lokacin da na'urar sauraro ta sauya: a faifan CD a 1987, a kantin iTunes a 2010, sa'annan a manhajojin sauraro ta intanet a Disamba na 2015. Kundin da aka tara waƙoƙinsu da suka hau matsayi na ɗaya, wanda ya fito a shekarar 2000, ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a duniya cikin shekaru goma da suka biyo baya. Ƙungiyar Queen ta ci irin wannan gajiya lokacin da fim ɗin tarihin Freddie Mercury na 2018 ya jawo mata matasan da ba a haifa ba lokacin rasuwarsa a 1991.

A watan Nuwamba na 2023 an fitar da wata waƙa da Lennon ya ɗauka a kaset a gidansa a ƙarshen shekarun 1970, bayan an yi amfani da fasahar kwamfuta an raba muryarsa da ƙarar fiyano, McCartney da Starr suka ƙarasa ta tare da jitar da Harrison ya buga a 1995. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, shekara 54 bayan waƙarsu ta ƙarshe da ta hau wannan matsayi a 1969, kuma ta sami lambar yabo ta Grammy a 2025.