CIWON CIKIN DA YA ƘI JIN MAGANI: AMFANIN ZUWA ASIBITI A YI GWAJI

Jama'a da yawa a ƙasar nan suna fama da ciwon ciki wanda ba su san asalinsa ba. Wani ƙwannafi ne yake damunsa, wani kumburin ciki, wani kuwa zawo ne yau ya tsaya gobe ya dawo. Galibi sai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa gyambon ciki ne ko basir, ya jiƙa kanwa ya sha, ko ya sayi ƙwaya a kyamis, alhali kuwa cututtuka daban-daban suna iya zuwa da alamu iri ɗaya. Gwaji ne kaɗai yake bambance su.

Gwajin Bayan Gida

Da wannan likita ya kan fara. Za a ba mutum 'yar kwalba mai murfi ya sa bayan gida kaɗan, ya kai ɗakin gwaji ba tare da jinkiri ba. Can za a duba shi da madubin likita, a nemi ƙwan tsutsar ciki, ko ƙwayar da ke sa atini, ko alamar jini. Babu abin kunya a nan, aikin ma'aikatan ke nan kullum.

Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ake kira Helicobacter pylori, wadda ita ce babban sanadin gyambon ciki. Likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da ita a 1982, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Wani bincike da aka yi a yankin Maiduguri, aka buga a 1992, ya sami alamarta a jinin mutum 85 cikin kowane 100 da aka auna. Ba kowa take sa wa ciwo ba, amma wanda ta kwantar, maganin kwana 14 ya kan raba shi da ita. Kafin a yi gwajinta, lalle ne a dakatar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na mako 4, da masu rage tsamin ciki irin su omeprazole na mako 2, in ba haka ba sai ta ɓuya, gwaji ya nuna babu.

Gwajin Jini

Jini yana nuna ko mutum yana zubar da jini a ciki bai sani ba, yana kuma nuna lafiyar hanta, musamman ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Nijeriya. A lura, gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da zazzaɓin taifot. Jinin da ake ɗiba kuwa bai fi cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, ba ya rage ƙarfin kowa.

Hoton Ciki da Tiyon Hange

Hoton ciki, watau sikanin, yana nuna hanta da saifa da maɗaciya da ƙoda, ba zafi, ba yanka. In abin ya faskara, sai a zura wani siririn tiyo mai fitila ta baki har tumbi, likita ya ga gyambon da idonsa, ya kuma ɗebo ɗan ƙanƙanin nama domin a tabbatar ba sankara ba ce. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin kuma ba ya cika wuce minti 15. Sharaɗinsa shi ne kada a ci kome na awa 6 zuwa 8 kafin a je.

Ina Za A Je?

Mu ɗauki misalin mutumin Potiskum, a Jihar Yobe. Zai fara da asibitin shan magani na kusa da shi ko babban asibitin garin, inda ake gwajin jini da na bayan gida. In likita ya ga ana bukatar ƙarin bincike, sai ya ba shi takarda zuwa babban asibiti, kamar asibitocin koyarwa na Damaturu, Gombe ko Maiduguri. Haka tsarin yake a sauran jihohi. A riƙa adana takardun sakamako, domin kada a biya kuɗin gwaji ɗaya sau biyu.

Alamun da Ba A Jira da Su

1. Aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.
2. Rama ba dalili.
3. Wahalar haɗiyar abinci.
4. Idanu su yi rawaya, watau shawara.
5. Ƙullutu a ciki, ko amai ba ƙaƙƙautawa.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya garzaya asibiti a ranar. Ya kuma faɗa wa likita dukkan abin da yake sha, na gargajiya da na Bature, musamman magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda direbobi da manoma da leburori suke yawan sha, domin su kansu suna cin tumbi.

Wani lokaci a kan gama gwaje-gwaje duka a ce ba a ga kome ba. Wannan ba asarar kuɗi ba ce, gama an kawar da zaton manyan cututtuka, likita kuma zai san yadda zai bi da abincin mutum da maganinsa. Maigida ya kai iyalinsa da wuri, kada a bari sai ciwo ya ci jiki. Lafiya uwar jiki ce.