Dalma da Albarushi: Gargaɗi ga Mafarauta

Da an kawar da amfanin gona, mafarautan Talata Mafara da Bakura da Maradun sukan shiga gyaran bindigoginsu na adaka. Waɗansu kan narkar da dalmar tsohon batir su yi harsashi da kansu, a tsakar gida, a kan murhun da aka sauke tuwo.

To, dalma guba ce. Ƙurarta takan kwanta a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baka. Ba a ganin kome a ranar, sai daga baya ya kama amai da jijjiga, in ya rayu kuwa basirarsa ta dushe. Mutanen Zamfara sun gani da idonsu: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da aka riƙa niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Saboda haka kada a narka ta inda yara ke wasa, kada tukunyarta ta koma madafa. Ko ɗigon ruwa ne ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, sai ta yi tsartuwa ta ƙone ido.

Albarushi kuwa, wanda ya ƙara awo don gwada ƙarfin bindiga, da yatsunsa yake caca. Garin harsashin Turawa ma fasa adaka yake yi.

Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi sai da izinin hukuma. Mai neman bayanin lasisi ya tafi ofishin 'yan sanda.