Ɗan kokowa ya sauya jiha: cin amana ne ko neman abinci?

Kowace shekara idan sanyi ya kama, aka gama ɗaure damman hatsi aka zuba a rumbu, to zancen mutanen Yamai ɗaya ne: wa zai ɗauki takobi bana? Daga Bukoki zuwa Lazare, daga Talaje zuwa Harobanda, babu fadar da za ka zauna a miƙo maka shayi ba ka ji ana ambaton sunan wani ɗan kokowa ba. Mu da aiki ya haɗa mu da masu saurare a gidan rediyo mun san wannan lokaci sarai, don kuwa wayar ɗakin watsa shirye-shirye ba ta hutawa. Sai dai akwai wata tambaya da kan riga ta takobi zuwa, ita ce: shin wane da sunan wace jiha zai shiga fili bana? Da zarar an ji cewa wani gwani ya bar jihar da aka san shi da ita ya koma wata, sai gardama ta kaure. Wasu su ce ya ci amanar mutanensa, wasu su ce ai ƙasar duk ɗaya ce. Wannan gardama ita muke so mu duba tare da ku, jama'a masu karatu.

Littafin fada

Bari mu fara da wani wasa da muka tarar ana yi a wata fada kusa da kasuwar Wadata. Kafin a buɗe gasa, samarin kan sami littafin ƴan makaranta, kowa ya zaɓi ƴan kokowa biyar a rubuta ƙarƙashin sunansa. Duk wanda gwaninsa ya yi kaye, an ba shi maki ɗaya, wanda kuma nasa ya faɗi, a ja masa layi. Ranar da aka miƙa takobi sai a yi lissafi, wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi sukari da ganyen shayi har mako guda. Abin da ya ja hankalinmu a littafin nan shi ne, babu ko mutum ɗaya da ya tsaya ga ƴan jiharsa kawai. Ba'adare ya ɗauki ɗan Doso, Bagobiri ya ɗauki ɗan Damagaram, Bazabarme ya ɗauki ɗan Maraɗi. Kowa ƙarfi yake nema, ba takardar haihuwa ba. Amma waɗannan samari su ne kuma suka fi kowa ɗaga murya idan ɗan kokowa ya sauya jiha.

Irin wannan wasa na kintace ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Amurka, kowane watan Maris ana yin babbar gasar ƙwallon kwando tsakanin jami'o'i, wadda a 2025 ta haɗa ƙungiyoyi 68, kuma miliyoyin mutane kan cika takarda suna hasashen wanda zai ci kowane wasa. A 2014 attajirin nan Warren Buffett ya yi alkawarin dala biliyan 1 ga duk wanda ya canka wasannin duka ba kuskure, ba a kuwa sami wanda ya ci ba. Su ma can sauyin sheƙa ya dagula wa masu kintace lissafi, domin tun 2018 aka buɗe rajistar da ɗalibi ɗan wasa zai sa sunansa idan yana son komawa wata jami'a, a 2021 kuma aka ɗage sharaɗin zaman shekara guda ba wasa ga wanda ya sauya karon farko. Saboda haka mai cika takarda a Amurka da mai rubuta littafi a Wadata tambaya ɗaya suke fara yi: ina gwanina ya koma?

Gurbi goma kacal

Idan dai ba a manta ba, kokowa wasan kaka ce ta ƙauye. Bayan girbi samarin wannan gari kan je wancan, makaɗa na biye da su, a kafa fili a yi ta gwada ƙarfi. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka mayar da ita gasa ta ƙasa baki ɗaya, aka yi karon farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Daga nan ne sunan ɗan kokowa ya manne da na jiha. Shi ya sa filin kokowa na Maraɗi ke ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma da sunan Langa-Langa. Haka kuma babu mai ambaton Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ba tare da ya ambaci Doso ba, tun da da sunanta ya ɗauki takobi har sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Jihohi 8 ne ke shiga gasar, kowace da ƴan kokowa 10, jimla 80 ke nan. Ƙarfi kuwa ba a raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi ba. A yankunan da kokowa ta yi saiwa, kamar Gobir da Adar da Arewa da Damagaram, za ka iske gwanaye sun fi gurbi yawa nesa ba kusa ba. Mutumin da ya zo na goma sha ɗaya a zaɓen jiharsa, mai yiwuwa ne ya kada rabin waɗanda wata jiha za ta kai. Yanzu me zai yi? Ya zauna gida yana sauraren rediyo, ko ya nufi inda ake neman irinsa? Gasar nan sau ɗaya ake yin ta a shekara, kwanakinta kuma ba su wuce goma ba, kuma a cikinsu ne ake samun takobi da doki da kuɗi da kyaututtukan masu hannu da shuni. Wanda bai shiga ba, shekara ta wuce shi.

Sa'an nan ga batun tuwo. Yawancin ƴan kokowa manoma ne ko masu ƙananan sana'o'i. Ƙarfin da suke taƙama da shi ba ya daɗewa, kuma targaɗe ɗaya a gwiwa ko a kafaɗa na iya raba mutum da fili har abada. Idan wani mai hali a wata jiha ya yi masa tayin ɗaki da abinci da ɗan jari, da wane baki za mu ce kada ya karɓa? Yamai kanta garin baƙi ce. Mu da muke cikinta, nawa ne daga cikinmu aka binne cibiyarsu a nan? Ma'aikaci na sauya wurin aiki, ɗan kasuwa na sauya rumfa, ɗan ci-rani na sauya gari, babu mai ce musu maciya amana. Kuma da Abba Ibrahim ya kawo wa Yamai takobi daga Doso a watan Disamba na 2024, duk garin aka yi murna, har da mu da iyayenmu suka zo daga wasu jihohi.

Yadda abin yake a wasu wurare

Ga masu kallon damben zamani, wanda ake yi cikin keji ana haɗa naushi da shuri da kokowa, sauya gidan horo ba baƙon abu ba ne. Akwai misalai biyu na ƴan Afirka da suka isa a yi nazari a kansu.

Na farko shi ne Kamaru Usman, haifaffen Auci a Najeriya, wanda ya ɗauki kambun duniya na ƙungiyar UFC a watan Maris na 2019. Ya yi shekaru yana horo a jihar Fulorida ta Amurka tare da wani ɗan Burazil mai suna Gilbert Burns. Da tafiya ta yi tafiya, sai Burns ya zama shi ne mai neman kambun da ke hannun abokinsa. Tun da ba zai yiwu mutum biyu da za su kara su riƙa shiri a ɗaki ɗaya gaban malami ɗaya ba, a 2020 sai Usman ya tattara ya koma jihar Kolorado wurin wani mai horarwa, Trevor Wittman. Suka haɗu a watan Fabrairu na 2021. Burns ya gigita shi a turmin farko, amma Usman ya farfaɗo ya gama da shi a turmi na uku. Da aka tashi, sai ga su sun rungumi juna a tsakiyar keji.

Na biyu shi ne Francis Ngannou, ɗan ƙasar Kamaru, wanda ya ratsa ta nan Nijar a 2012 a hanyarsa ta zuwa Turai, kamar dubban ƴan ci-rani. A birnin Paris ya koyi wannan dambe a hannun wani ɗan ƙasarsu, Fernand Lopez. Bayan ya sha kashi a hannun Stipe Miocic a watan Janairu na 2018, tsakaninsa da malaminsa ta yi tsami, ya mayar da horonsa birnin Las Vegas. A watan Maris na 2021 ya rama, ya buge Miocic ya ɗauki kambun masu nauyi. A watan Janairu na 2022 kuma aka haɗa shi da Ciryl Gane, ɗalibin tsohon malaminsa, Lopez na tsaye a bayan Gane. Kowa ya sa ran ganin naushi, sai Ngannou ya ɓullo da kokowa, ya yi ta kai abokin karawarsa ƙasa har alƙalai suka ba shi nasara. Abin da ya koyo a sabon gida shi ya cece shi daga waɗanda suka san shi ciki da bai.

Darasin da ke cikin labaran nan biyu a fili yake. Sauyin wuri na iya ƙara wa gwani ƙwarewa. Amma rabuwar farko an yi ta cikin mutunci, ta biyu kuwa ta bar baya da ƙura, har tsohon malami da tsohon ɗalibi suka yi ta jifar juna da maganganu a gaban ƴan jarida. Ke nan ba tafiyar ce matsala ba, yadda aka tafi ne.

Haƙƙin waɗanda aka bari

Kada kuma a ce mun goyi bayan ɓangare ɗaya. Masu jin zafin tafiyar ɗan kokowa suna da tasu hujja. Babu gwanin da ya faɗo daga sama. Akwai maigidan da ya ciyar da shi tun yana yaro ana kada shi a dandalin ƙauye, akwai tsohon ɗan kokowar da ya koya masa kamu, akwai malamin da ya yi masa addu'a, akwai makaɗin da ya fito da sunansa duniya ta sani. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Sagalo ya san cewa rabin kwarjinin ɗan kokowa a bakin makaɗi yake. Ranar da ya sa rigar wata jiha, waɗannan mutane ba su da ko sisi, sai kallo. Bugu da ƙari, yana tafiya da sirrin abokan horonsa: ya san wanda ƙafarsa ta hagu ba ta da ƙarfi, ya san wanda ke saurin gajiya. Idan jihohin biyu suka haɗu a fili, wannan sani makami ne.

Akwai kuma wata illa ta daban. Jihar da ta saba ɗauko gwanaye daga waje, sannu a hankali takan daina neman nata yara. Me zai sa a wahala wajen shirya wasanni a ƙauyuka, alhali ana iya samun gwani dafaffe ana saura ƴan makonni a buɗe gasa? Ta haka ne yaro mai ƙarfi zai tashi a garinsu, ba wanda ya taɓa zuwa ya gan shi.

Abin da muke gani

A ganinmu, hana ɗan kokowa motsi zalunci ne, barin abin kara zube kuma ɓarna ce. Shawararmu ga hukumar kokowa ta ƙasa da magabatan wasanni na jihohi ita ce, duk wata ƙa'ida ta sauya jiha a bayyana ta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo, domin masu abin su ji da kunnensu. A tsayar da lokaci guda na sauyi, nesa da ranar buɗe gasa, a kuma fitar da sunaye kowa ya gani. Duk alkawarin da aka yi wa ɗan kokowa, na kuɗi ne ko na muhalli ko na magani idan ya ji rauni, a rubuta shi gaban shaidu, don alkawarin baka ba ya kai mutum asibiti. Jihar da ta karɓa ta ba wadda ta rena wani abu, ko da kaɗan ne, a zuba shi cikin wasannin yara. A kuma ware wasu gurabe daga cikin goman nan ga waɗanda suka taso a jihar.

Ku kuma ƴan kokowa, masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan tafiya ta kama, a je a yi sallama da maigida da malami da makaɗi, kada su ji labari a rediyo kamar kowa.

Saura mu ƴan kallo. Samarin fadar Wadata muna roƙonsu abu biyu. Na farko, wasan nan ya tsaya a sukari da ganyen shayi, kada a bari kuɗi su shigo ya koma caca, don ranar da mutum ya sa kuɗin cefane a kan ƙafar wani, ranar ce zai fara zagin wanda ya faɗi. Na biyu, kafin a kira wani maci amana, a buɗe littafin nan a duba sunaye biyar da aka rubuta da hannun kai.

Allah ya kai mu gasa ta gaba lafiya, ya ba mai rabo sa'a.